Rautar da na sayo a Banex da rigimar tagar ɗakin yara

Ni dai atamfa da leshi nake sayarwa, kuma wayata ita ce shagona. Gari na wayewa in ɗauki hotunan kaya in ɗora a WhatsApp da Instagram, mai so ta kira ni ta bidiyo in warware mata turmi ta ga kalar da idonta. In mun daidaita ta turo kuɗi, mai mashin ya kai mata, ko in aika tasha in daga wata jiha take. Duk mai irin wannan sana'a ya san ranar da netwok ya tsaya, ranar kasuwa ta tashi. Wata takwas ke nan da na sayi rauta ta biyu a gidan nan, wato na'urar da ke raba wa wayoyi intanet ta waifai, kuma tunda maƙwabciyata da ƙanwar maigida duk sun tambaye ni a kanta cikin mako guda, na ga gara in zauna in faɗi abin da na gani, daɗinsa da akasinsa.

A Kubwa muke, ta wajen Arab Road, a ƙasan bene. Ɗaki uku da falo, ginin bulo, kanmu dekin, tagogi duk da ƙarafunan tsaro, ƙofar falo ta ƙarfe. Na lissafo waɗannan ne saboda daga baya na gane su ne rabin matsalata. Masu cin intanet a gidan kuwa: wayata biyu, ta Baban yara, ta babbar 'yata, talabijin ɗin falo, kwamfutar hannu ta yara, da laftof ɗin ƙanena da yake zaune da mu yana karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a, wadda kusan komai nata ta intanet ake yi.

Da ƙaramar mayfai muka fara, 'yar rautar aljihun nan mai sim da batir. Tana da kirki in mutum biyu ne, amma da mun yi yawa sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga, batirinta ya kumbura har murfin ya daina rufuwa. Sai Baban yara ya sayo akwatin nan na kamfanin waya da ake saka wa sim, aka ajiye shi a falo, cikin durowar talabijin, kusa da dikoda, saboda nan ne akwai soket kuma nan ne ba ya ɓata wa falo tsari. Ni na zaɓi wurin, ba zan ɗora wa kowa ba. Waya ta nuna waifai ya cika taf, amma bidiyon minti ɗaya sai ya yi ta juyi kamar ana tuƙa tuwo. Wata rana ina nuna wa wata Hajiya daga Gwarimpa leshin biki, hoton ya daskare ina riƙe da bakin yadi, na yi ta "Hajiya kina ji na?" har sau biyar. Da ya dawo ta riga ta kashe. Ba ta sake kira ba.

Ƙanena ne ya warware min abin, da dare, yana cin tuwo. Ya ce, "Yaya, sigina biyu ne fa, ke ɗaya kike kallo." Na ce ban gane ba. Ya ce akwai wanda yake tasowa daga dogon ƙarfen kamfani ya shigo akwatin, akwai kuma wanda yake fita daga akwatin ya iso wayata. Alamar da nake gani a saman waya ta biyun ce kawai. Tana iya cika fal alhali na farkon ya mutu murus. Ya ce in ɗauka tankin ruwanmu ne: famfon kicin yana iya zama sabo dal, amma in ba a turo ruwa tanki ba, iska zan murɗo.

Washegari muka zare akwatin muka yi ta yawo da shi ɗaki-ɗaki da doguwar wayar wuta, kamar masu neman ɓeran da ya mutu. Duk inda muka ajiye sai ya buɗe fast.com, shafin da ke auna gudun intanet da ma'aunin megabit, a waya ya gwada. A durowar talabijin abin bai wuce megabit 2 zuwa 3 ba. A kan tagar ɗakin yara, wadda take fuskantar ƙarfen sabis ɗin da ke bayan layinmu, ya haura 20. Gida ɗaya, sim ɗaya, kuɗin data ɗaya. Na tsaya riƙe da haɓa. Wata shida ina zagin kamfani a banza, ashe ni na kulle musu akwati a durowa.

Sai dai murna ta koma ciki. Ɗakin yara shi ne can ƙarshen gida. Daga nan zuwa falo bango uku ne, da banɗaki a tsakani mai tayil har sama. Akwatin ya samu ruwa, amma ruwan ba ya isowa inda nake ɗaukar hoton kaya. In an ajiye a taga falo ya rasa, in an dawo da shi falo kowa ya rasa. Na yi kwana huɗu ina ciniki a kan katifar yara, da kayan wasa a bayana, har wata ta tambaye ni ko kayan jarirai ma ina sayarwa.

Nan ne maganar rauta ta biyu ta taso. A bar akwatin sim a tagarsa, a ja kebul daga bayansa zuwa tsakiyar gida, a saka wata rauta wadda aikinta kawai ta raba waifai.

Ranar Asabar muka shiga Banex da ke Wuse 2, ni da ƙanena. Wanda ya san wurin ya san tun daga bakin titi ake tare ka. Muka faɗa shagon wani yaro Bakano, mai fara'a, ya ba ni kujera. Da ya ji abin da muke nema sai ya ɗauko wata baƙa ƙatuwa mai eriya shida a tsaye kamar gizo-gizo ya kifa.

"Hajiya, wannan ko a Zuba kike za ta kamo ki."

Na ce, "Ɗan nan, ni falo nake so ta kamo."

Ya yi dariya, ya faɗi kuɗi, na ce ya mayar da ita inda ya ɗauko. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ya sauko da wata 'yar ƙarama fara mai eriya biyu, mai araha sosai, an rubuta N300 a kwalinta. Ni har zuciyata ta kwanta da ita, ƙanena ya ce a'a. Dalilinsa biyu, kuma su ne abin da zan ce duk mai zuwa saye ya duba kafin ya kalli yawan eriya.

Na farko, irin waɗannan tasha ɗaya suke da ita, ta 2.4GHz. Wannan tashar tana da nisan zango kuma tana ratsa bango, amma cunkushe take kamar titin Kubwa da ƙarfe bakwai na safe. Rautar kowane maƙwabci a kanta take, Bluetooth a kanta yake, har na'urar ɗumama abinci ta maikirowef in tana aiki tana damun ta. A gidanmu in na buɗe jerin waifai a waya sai in ƙirga sunaye fiye da goma na mutanen sama da na gefe. Mai tasha biyu tana da ƙarin ta 5GHz, wadda ta fi sauri kuma ba kowa a kanta sosai, sai dai ba ta son bango. Na biyu, ramukan kebul na baya. Masu arahar da yawa ba sa wuce megabit 100, wasu kuma gigabit ne, wato 1000. Yau sim ɗina ba ya kawo ko rabin ɗari, amma ana ta jan wayar faiba, kebul ɗin da ke kawo intanet mai sauri har gida, a unguwannin Abuja, kuma ba na son ranar da ta iso layinmu a ce sai na sake sayen wata.

Muka tsaya a kan TP-Link Archer C6. Baƙa ce, faffaɗa, eriya huɗu, tasha biyu, ramin shigowa ɗaya da na fita huɗu, duk gigabit. Ba zan faɗi kuɗin ba don farashin kayan waje yanzu da dala yake tashi yake kwana, abin da na biya wata takwas baya ba zai amfane ki ba. A ma'aunina dai, ita da kebul ɗin ba su kai turmi biyu na atamfa mai kyau ba, gizo-gizon nan kuwa ta ninka ta fiye da sau uku. Na sa yaron ya buɗe kwalin a gabana, ya jona ta, muka ga sunayen tasha biyun sun fito a waya, ya rubuta min rasit da lambar jikinta. Ya yanka mana kebul Cat6 mita 15 ya matse kawunan nan take. Kebul irin wannan yana kai mita 100 ba tare da ya rage gudu ba, don haka tsawon gida ba abin damuwa ba ne.

A kwalin an rubuta AC1200 da manyan baƙaƙe, kuma yaron ya so ya sayar min da wannan lambar. Lissafin 'yan kasuwa ne, ni ma 'yar kasuwa ce na gane shi. Sun ɗauki 300 na tasha ɗaya suka tara da 867 na ɗayar suka cike ya zama 1200. Waya kuwa a kan tasha ɗaya take hawa a lokaci guda, kuma ko wannan 867 ɗin sai a takarda. Sannan duk gudun rauta, abin da sim ya kawo shi za ta raba. In 20 ya shigo, 20 za a ci. Haruffan AC ɗin suna nufin Wi-Fi 5 ce, wato zubi na biyar na fasahar waifai. Akwai Wi-Fi 6 da ta biyo bayanta, masu alamar AX, sun fi iya ɗaukar na'urori da yawa a lokaci guda, kuma in kuɗinki ya kai ba laifi. Ni dai gidan mutum bakwai da ke shan intanet ta sim, ban ga abin da za ta ƙara min ba.

Haɗawar ba ta ɗauke mu minti ashirin ba. Akwai manhajarsu mai suna Tether, da Turanci take amma a bayyane. Ƙanena ya sa ta a yanayin da suke kira Access Point, wato ta bar wa akwatin sim shugabanci, ita ta tsaya a rabo kawai. Ya kuma kashe waifai na akwatin sim ɗin gaba ɗaya don kada su riƙa sa-in-sa, kada kuma waya ta liƙe wa mai rauni alhali ga mai ƙarfi kusa.

Inda muka sha gardama shi ne wurin ajiyewa. Ni na so a saka ta bayan labule, don gaskiya ba ado ba ce, ga kebul yana bin bango. Ƙanena ya ce in na ɓoye ta to mun yi asarar kuɗin mota. Muka kira kafinta ya buga ɗan katako a koridon da ya raba falo da ɗakuna, sama da tsayin mutum, nesa da firij, nesa da babban madubin da nake gwada wa mutane mayafi. Ƙarfe, madubi, ruwa da kankare su ne abokan gabar waifai, kuma ƙasa ba wurin rauta ba ce. Kebul ɗin aka bi da shi ta saman ƙofofi da 'yan ƙusoshin roba. Baban yara ya dawo ya ɗaga kai ya ce, "Wannan kuma fitilar me ce?" Yanzu shi ya fi kowa kallon ƙwallo a kanta.

To me na gani a wata takwas? A falo da ɗakina, a kan tashar 5GHz, abin da akwatin taga yake samu kusan shi nake samu. Kiran bidiyo ba ya yankewa ko da yara suna kallon katun a talabijin, ƙanena kuma yana kan darasinsa. Wannan shi ne abin da na saya, kuma na same shi. A kicin da tsakar gida ta baya inda nake shanya, 5GHz ɗin tana sanyi, sai in koma 2.4GHz, wadda take kai wa har bakin get. Da farko mun haɗa tashoshin a suna ɗaya don waya ta zaɓa da kanta, amma tsohuwar wayata sai ta riƙa maƙalewa a ta 2.4 ko ina zaune ƙarƙashin rautar. Muka raba musu suna, na ɗora talabijin da laftof da wayar kasuwa a kan 5, sauran a kan 2.4. A ita 2.4 ɗin ma ƙanena ya sauya mata layi. Layuka uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Ya duba da wata manhaja ya ga yawancin maƙwabta sun taru a wuri ɗaya, ya kai mu inda ba cunkoso. Da daddare, lokacin da kowa ya dawo gida, an ji bambanci.

Abin da ba ta yi kuwa dole in faɗa, don ƙanwar maigida ta kusa yin kuskure. Ba ta da ramin sim. Wadda ba ta da komai a gida ta sayo wannan kaɗai, ta sayo kwalliyar bango. Sai da wani abu a bayanta: akwatin sim, ko faiba, ko Starlink da ya shigo Najeriya a farkon 2023 ga masu hali. Idan gidanki ƙarami ne, ɗaki da falo, kuma tagar da sabis yake ba ta da nisa da inda kike zama, kada ki sayi komai. Ciro akwatinki daga durowa ki kai shi taga, ki ɗora shi sama, ki gwada kwana uku. Da gidanmu haka yake da kuɗina suna jakata.

Ba ta kuma da batir. An ɗauke wuta, ta mutu, akwatin taga ma ya mutu. Mu da ba mu da inbata, sai na sayi ƙaramin batirin nan na rauta da ake jonawa tsakaninta da soket, ɗaya a taga ɗaya a korido. Rauta ba ta cin wuta, ba ta kai ƙwan fitila na da ba, shi ya sa ɗan batirin yake riƙe ta awanni. A duba dai abin da aka rubuta a jikin adaftar, tawa 12V ce, wasu 9V ne, kada a ba ta abin da ya fi ƙarfinta. Da damina kuma, in hadarin Abuja ya haɗo da tsawar nan tasa, zare su nake daga soket duka biyun har ya wuce.

Yaron shagon ya so ya haɗa min da ɗan abin nan da ake cusawa a soket yana ƙara nisan waifai ba tare da kebul ba. Maƙwabciyata tana da shi. Yana aiki, amma da baki ɗaya yake karɓa yake mayarwa, don haka kusan rabin gudun a hanya yake zubewa, kuma in aka sa shi inda sigina ya riga ya yi rauni, raunin zai yaɗa. In akwai halin jan kebul, a ja.

Sai babbar maganar da ba wanda ya gargaɗe ni a kanta: data. Watan farko, abin da yake kai mu ƙarshen wata ya ƙare ranar sha takwas. Na ce shi ke nan, sabuwar rautar nan shan data take. Ba ita ba ce. Da can netwok ɗin ne ba ya bari a ci, yanzu hanya ta buɗe. Talabijin da yake nuna hoto dishi-dishi ya koma tar da kansa, kuma Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya a HD yana iya cin gigabait 3, na ƙasa da shi kuwa kamar 1. Ga wayoyi, da sun ga waifai sai su ɗauka na banza ne: su sabunta manhajoji, su kwashe hotuna su tura ma'ajiyar Google, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka turo ko ba a buɗe ba. Ni da nake da dubban hotunan atamfa, ki ƙiyasta. Ga shi tun farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, data ba abin wasa ba ce yanzu. Muka bi waya ɗaya-ɗaya. A Android akwai inda ake gaya wa waya cewa wannan waifai na awo ne, a iPhone akwai yanayin rage cin data, a laftof mai Windows ma akwai. Muka rage ƙarfin hoton YouTube da Netflix a talabijin. Wata na biyu ya kai mu har da 'yar ragowa.

Akwai kuma ɓarayin gida. Wata la'asar na leƙa ta tagar kicin na ga yara maza huɗu a jere jikin katangarmu, kowa ya sunkuyar da kai a waya, shiru kamar masu haddar allo. Yaran da in suna ƙwallo ba a jin kiran sallah. Na buɗe Tether na ƙirga na'urori goma sha uku, mu kuwa namu bakwai ne. Na tsare ɗana na tsakiya, ya rantse bai faɗa wa kowa lambar sirri ba, kuma gaskiyarsa ne, bai faɗa ba. Wayoyin yanzu suna fito da wani ɗan hoto mai ɗigo-ɗigo da aboki zai haska da kyamara ya shige ba tare da ya san lambar ba. Ɗaya ya haska, ya haska wa na gaba. A daren muka sauya lambar sirri zuwa doguwa, ba sunan ɗa ba, ba lambar waya ba. Muka sauya ta shiga saitin rautar ita ma, muka kashe maɓallin WPS da ke bari a shiga ba tare da rubuta lambar sirri ba, muka tabbatar makullin yana kan tsarin tsaro na WPA2. Sannan na buɗe layin baƙi daban, mai lambarsa, wanda nake kunnawa in 'yan'uwa sun zo in kashe in sun tafi. Wayar 'yata da kwamfutar hannu ta yara yanzu a kan wannan layin suke, ni ke riƙe da makullin.

Washegari yaran suka dawo jikin katanga, suka ɗan daddanna, suka kalli juna. Ƙaraminsu, wanda uwarsa ƙawata ce, ya zagayo har ƙofar kicin ya durƙusa ya gaishe ni.

"Umma, wai netwok ɗinku ya lalace ne?"

Na ce lafiyarsa ƙalau. Na miƙa masa ƙosai biyu na ce ya gaida mamansa.

Sau biyu kacal ta taɓa tsaya min a wata takwas ɗin, duka biyun kuma da muka duba daga akwatin taga ne, sabis ɗin unguwar ne ya ɗauke baki ɗaya. Nakan kashe su in kunna duk bayan mako ɗaya ko biyu, in goge musu ƙura, musamman da hunturu, kuma ƙanena yakan duba ko akwai sabuntawa a manhajar. Maƙwabciyata ta ce za ta bi ni Banex ranar Asabar mai zuwa. Na ce kafin nan ta kawo akwatinta da doguwar wayar wuta, mu fara zagaya tagoginta tukuna, don na lura nata a kan firij yake zaune.